Gandun Dajin Kamuku

Kamuku gandun namun daji ne na Gwamnatin Tarayya da ke Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120. A 1936 hukumar En'e ta Birnin Gwari ta fara keɓe shi a matsayin gandun itatuwa, daga baya ya koma hannun jiha, sannan a 1999 aka ɗaga shi zuwa gandun ƙasa. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Gandun Yankari na Jihar Bauchi ya fi shi suna nesa ba kusa ba, har ma akwai mazauna Kaduna da ba su san da shi ba.

Dajin itatuwan doka ne mai ciyawa dogaye. Bayan doka akwai maje, taura, baushe, ƙirya, ɗorawa da tafashiya, a bakin rafuka kuma kurmi ne mai duhu. An lissafa giwa, gwanki, kanki, mazo, gada, mugun dawa, gwaggon biri da jan biri cikin namun da ke nan, sai dai lissafi daban, gani da ido daban. Farauta da shigar shanu sun sa manyan namun sun yi ƙaranci kuma sun yi tsoron mutum, don haka galibi sawu da kashi da karyayyen reshe baƙo zai tarar. Tsuntsaye ne abin dogaro: an ƙidaya aƙalla iri 177, ciki har da tuje da burtu. Burtu baƙi ne, babba, a ƙasa yake yini yana takawa a hankali yana tsintar fara da ƙadangaru. Wannan tafiyar tasa ce maharba suke kwaikwaya idan sun ɗaura kan burtu a goshi suka sunkuya don su kusanci nama.

Wurare uku aka fi ambata. Akwai magangarar Dogon Ruwa, da Goron Dutse, wani ƙaton fa mai santsi da zane-zanen fari da baƙi, sai Tsaunin Rema, inda manyan duwatsu uku suka hau kan juna. Sunan daga rema ya samo asali, wata dabba mai kamar girman zomo, mai gajerun kunnuwa, wadda kusan ba ta da wutsiya. Duk ƙanƙantarta, masana sun sanya ta cikin dangin giwa na kusa. Jikinta ba ya riƙe ɗumi sosai, shi ya sa da hantsi ake ganinsu jere a kan dutse suna shan rana, ɗaya na tsaro. Da ta yi ƙara, sai kowa ya faɗa tsaga. Farin tabon fitsari a jikin dutse shi ke nuna inda suke zama.

Daga Kaduna ana bin hanyar Buruku da Udawa zuwa Birnin Gwari, kimanin kilomita 120. Shekaru da dama 'yan bindiga sun mayar da dajin maɓoya, hanyar ma ta sha fama da masu garkuwa da mutane. Saboda haka matakin farko shi ne tuntuɓar Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa da ofishin gandun kafin a tashi. In sun ce a dakata, a dakata. Ba a shiga sai da izini da rakiyar jami'an gandu.

Disamba zuwa Maris ya fi dacewa, lokacin da ciyawa ta bushe ko ta ƙone, namun kuma suka taru a sauran ruwa. Da damina ciyawa kan shanye mutum, rafuka su cika, mota ta kafe. Amma fa a lokacin ne Dogon Ruwa ke da ƙarfi. A fita da asuba ko bayan la'asar, domin da tsakar rana komai na inuwa. A tanadi mota mai tsayi, taya ta biyu, da ruwan sha aƙalla lita 4 ga kowane mutum a yini. Tufafi su kasance masu dogon hannu, launin ƙasa-ƙasa, domin baƙi da shuɗi na jawo ƙudan tsando, wanda cizonsa kan ratsa yadi mara kauri.