Karen maƙwabci ya fara cizo: ina ake kai ƙara a Bauchi, kuma me doka ta tanada?

A unguwannin da garin Bauchi ke miƙewa zuwa gare su, irin su Yelwa da Gwallameji da Inkil da Tirwun, magidanta da yawa sun ajiye kare, kuma ba a ga laifinsu ba. Wanda aka taɓa haura wa katanga aka kwance masa akuya ko aka ɗauke masa babur ya san amfanin haushin kare da tsakar dare. Rigima tana tashi ne ranar da karen ya wuce haushi, ya fara biyo yara 'yan makarantar allo, ya yage wa ɗan ga-ruwa wando, ko ya kafa wa yarinya mai talla haƙori a ƙwauri. A nan mutanenmu hanya biyu suka fi bi. Ko dai a yi shiru don kunyar maƙwabtaka, a ce tsautsayi ne, a sayo magani a kemis a binne maganar. Ko kuma, in abin ya maimaitu, samari su fito da gora da duwatsu su kashe karen, a ja shi a jefar a bola. Shirun yana zubar da hujjar da alƙali zai nema gobe, kisan kuma yana zubar da shaidar da likita ke bukata yau. Abin da ya dace shi ne a kai rahoto tun cizon farko, kai tun ma ranar da ya fara kai wa mutane hari, kuma a kai shi a gaban shaidu.

Mutane da yawa sun ɗauka babu ruwan hukuma da sha'anin kare. Da ruwanta. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ɗora musu kula da yadda ake ajiye dabbobin gida irin su kare da kyanwa da yadda suke yawo, a wuri ɗaya da kula da shaguna da gidajen abinci da allunan talla. Ke nan kowace daga cikin ƙananan hukumomi 20 na jihar nan, daga Bogoro har Zaki, tana da hurumin kafa ƙa'ida a kan kare ta kuma zartar da ita. Tun kafin nan akwai dokar karnuka ta zamanin Turawa da ta fara aiki a 1943, wadda jihohi suka gada, manufarta yi wa karnuka lasisi da daƙile ciwon haukan kare. Sai dokar tarayya ta yaƙi da cututtukan dabbobi ta 1988, da aka sabunta a 2022, wadda ta sa haukan kare cikin cututtukan da dole a sanar da likitocin dabbobi na gwamnati in an yi zarginsu. A sakatariyar ƙaramar hukuma ƙofa biyu ce ta shafi mai ƙorafi: sashen noma, inda malaman dabbobi suke, da sashen lafiya, inda duba-gari suke.

Amma ginshiƙin maganar yana wurin sanin mai kare. Dokar biyan diyya da kotunanmu suka gada daga Ingila ta raba dabbobi gida biyu. Akwai na dawa, irin su kura da zaki. Wanda ya ajiye irin waɗannan, kamar masu wasa da kura, duk ɓarnar da suka yi a wuyansa take, ba a tambayarsa ko ya san halinsu. Akwai kuma na gida, kare a cikinsu. Shi mai kare alhaki yana hawa kansa kai tsaye ne in an tabbatar ya riga ya san karensa yana da halin kai wa mutum hari. Ba lallai sai ya taɓa fitar wa wani jini ba, ko yunƙurin cizo ya taɓa yi kuma mai shi ya sani, ya wadatar. In ba a tabbatar da wannan sanin ba, sai wanda aka ciza ya koma neman hujjar sakaci, wadda ta fi wuyar kafawa. A wata shari'a da aka yi a Legas a 1965, tsakanin Daryani da Njoku, an kama mai kare da biyan diyya saboda karen ya taɓa cizon 'yar aiki kuma an faɗa wa matar gidan. Kotu ta ce sanin matar sanin mijin ne.

Malamanmu na Malikiyya, waɗanda kotunan shari'ar Musulunci na jihar nan ke bin mazhabarsu, sun daɗe da tsayawa a kan wannan gaɓar. A cikin Muhtasar na Shehu Halil an ambaci mai ajiye kare mai cizo wanda aka riga aka gabatar masa da gargaɗi. Masu sharhi suka fayyace cewa in mutum ya ajiye kare don wata bukata da shari'a ta yarda da ita, ba ya biyan ɓarnarsa sai in an gargaɗe shi a gaban hukuma ko shaidu ya ƙi ɗaukar mataki. In kuwa ya ajiye shi inda bai halatta ba, biya ya kama shi ko ba a gargaɗe shi ba. Duk kotun da mutum ya nufa a Bauchi, tambaya ɗaya zai tarar tana jiransa: an taɓa faɗa wa mai karen? Wa ya faɗa masa, yaushe, a gaban wa? Uban da ya haɗiye cizon farko don kada a ce ya cika fitina, ya raunana ƙarar uban yaron da za a ciza na biyu, kuma mai yiwuwa cizon na biyu a fuska ne.

Shi ya sa nake ganin zauren mai unguwa ya fi ko'ina muhimmanci a wannan sha'ani. A ce kare ya biyo 'ya'yanka jiya. Ka fara samun mai shi da kanka, da sallama da mutunci. In ya ɗaure karensa, magana ta ƙare. In ya ce ai wasa yake yi, ba ya cizo, sai ka ɗauki dattijo ɗaya ko biyu ku je wurin mai unguwa. Ba sai ka yi dogon jawabi ba: "Ranka ya daɗe, na zo ne a kan karen gidan Malam wane. Jiya bayan la'asar ya biyo yarana har ƙofar masallaci, ƙaramin ya faɗi ya kurje gwiwa. Ba faɗa na kawo ba, so nake a kira shi a ja masa kunne a gabanka." Mai unguwa ya aika a kira shi, a faɗa masa, liman ko wani dattijo yana zaune. Daga wannan rana ba shi da bakin cewa bai sani ba. Ka rubuta ranar a takarda ka ajiye.

In an yi haka bai ji ba, sai takarda. A rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma ta hannun sashen lafiya ko na noma, da Hausa ma ya yi: unguwa, kwatancen gida, kamannin karen, abin da ya yi da ranakun da ya yi, da cewa an riga an zauna gaban mai unguwa. A yi kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a kan ɗaya ka dawo da shi gida. In akwai hoton rauni a waya, da katin asibiti, da rasit na magani, a adana su. A rubuta abin da ido ya gani kawai. Karen da ke hana mutane barci da haushi abin damuwa ne, ana iya ƙorafi a kansa, amma ba shi ne kare mai haɗari ba, kuma ƙara gishiri yana kashe ƙorafin gaskiya.

'Yan sanda suna shigowa ne idan an ji wa mutum rauni ko mai kare ya yi kunnen ƙashi. Kundin laifuffuka na Arewa, wato Final Kod, da ya fara aiki a 1960, ya mai da sakaci da dabba laifi: wanda ke riƙe da dabba ya ƙi tsare ta yadda ba za ta jefa ran mutum cikin haɗari ba, ana iya ɗaure shi ko a ci shi tara ko a haɗa masa biyun. Wanda ya cuna wa mutum kare da gangan kuwa ya wuce sakaci, shari'arsa ta wanda ya ji wa mutum rauni da niyya ce. Neman kuɗin magani da diyya ƙara ce daban da wanda aka cuta zai shigar da kansa.

Duk wannan ana yinsa a tsanake. Wanda ba ya jira shi ne cizon da ya riga ya faru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar takan kwanta a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Da zarar alamunta sun bayyana, mutum ya fara firgita da ruwa yana kasa haɗiya, kusan babu mai tashi. Kafin nan kuwa allura tana hana ta. Don haka in kare ya ciji yaro, ko ya yakushe shi, ko ya lashi wani ciwo a jikinsa, a zaunar da shi a bakin famfo ko a ɗauko buta da sabulun wanki, ana zuba ruwa ana cuɗa wurin har minti 15 cur, a duba agogo, yana kuka ana yi. Kada a tura toka ko barkono ko ƙonannen gashin karen a ciki, kada a ɗaure wurin tamau. Daga nan sai asibiti a ranar, a nemi allurar cizon kare da sunanta, don allurar tetanus ba ta maye gurbinta. Ana yin ta ne kashi-kashi cikin 'yan makonni, kuma sai an cika.

Karen kuma a tsare shi da ransa kwana 10, ana ba shi abinci da ruwa, malamin dabbobi yana dubawa. In ya cika kwanakin lafiya lau, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Ba a jiran cikar kwanakin kafin a fara wa yaro allura, sai dai sakamakon ya nuna wa likita ko za a ci gaba. In karen ya mutu, ko dole ta sa aka kashe shi don yana ta afka wa mutane yana dalala, kada a yar da gawar, kada a sayar wa masu fataucin karnuka, kada a taɓa ta da hannu tsirara. A kira likitan dabbobi, su suka san yadda ake aika kan zuwa cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato don a gwada ƙwaƙwalwar.

Masu karnuka su ma suna da kukansu, kuma kuka ne na gaskiya. Mafarauci a Ningi ko Alkaleri, da Bafulatanin da karensa ke tsare masa garke, da ma'aikacin da ya gina gida a bayan gari babu maƙwabci kusa, duk suna tsoron a ce kai ƙara ya zama hanyar huce haushin wata tsohuwar gaba, ko a wayi gari a tarar an jefo wa kare nama mai guba ta kan katanga. Su sani ƙorafi ba hukunci ba ne, dole a ji ta bakinsu. Kare dukiyar mai shi ce. Kashe shi ko sa masa guba ba tare da yana kai hari ba laifin ɓarna ne a Final Kod, azabtar da dabba ma laifi ne mai zaman kansa, ga shi gubar ba ta zaɓe, kaji da awaki suna ci, yaro ma yana iya ɗauka. Ɓarawon da ya hauro gida kare ya kama shi ba shi da wata ƙwaƙƙwarar hujjar neman diyya. Haka yaron da ya yini yana jifan kare ɗaurarre, za a duba wannan, kuma iyaye su hana. A ɓangaren addini ma hadisi ya yarda da karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun haɗa da na gadin gida in bukata ta kama. A garin da Musulmi da Kirista ke zaune katanga ɗaya, kamar Yelwa, ya kamata dattawa su tsaya kada maganar kare ɗaya ta rikiɗe ta zama maganar su da mu.

Sai dai mai kare ya san allon da ya rataya a ƙofa ba ya wanke shi, balle an rubuta shi da Turanci, almajirin da ya zo bara ba ya iya karantawa. Baƙon da ya yi sallama, da ɗan aike, da ma'aikacin wutar lantarki, duk suna da haƙƙin su fita lafiya. Abin da ke kare shi a gaban mai unguwa da alƙali abu ne mai sauƙi: katanga ko keji mai ƙofa, sarƙa da rana, takunkumi in za a ratsa cikin mutane da shi, da katin riga-kafi. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo allurar haukan kare yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara a asibitin dabbobi. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar tana daina yawo a tsakaninsu. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma a irin lokacin akan samu gangamin allura kyauta ko da rahusa, sai a riƙa tambaya. In kuwa karenka ya riga ya yi cizo, kada ka ɓoye shi, kada ka tura shi ƙauye. Ka ɗaure shi, ka fito da katinsa, ka bi iyayen yaron asibiti ka biya kuɗin allura, sannan ku je gaban mai unguwa tare a rubuta abin da aka yi.