Binciken zango a kan teburin hash rarrabe

Binciken zango shi ne neman dukkan bayanan da suka faɗa tsakanin iyaka biyu, kamar a ce duk awon zafi daga digiri 20 zuwa 30, maimakon neman abu ɗaya tak. A sadarwar tsara da tsara, inda kwamfutoci ke hulɗa da juna ba tare da uwar garke ba, teburin hash rarrabe, wato DHT, tsarin da ke raba ajiyar bayanai tsakanin kwamfutocin ta yadda ake nemo kowane bayani da mabuɗinsa (suna ko lambar da aka ba shi), bai zo da wannan damar ba tun asali.

Tushen matsalar

A shekarar 2001 aka fitar da tsare-tsaren DHT masu suna Chord, CAN, Pastry da Tapestry, sai Kademlia a 2002. Chord, wanda Ion Stoica da abokan aikinsa suka tsara a jami'ar MIT, yana amfani da lissafin hash mai suna SHA-1 ya mayar da kowane mabuɗi lamba mai bit 160 (kowane bit 0 ne ko 1), sannan ya ba shi gurbi a kan zoben lambobin da aka jera kwamfutocin a kai. Ko kwamfutoci sun kai miliyan, ana isa ga mai riƙe da mabuɗin cikin matakai kimanin 10 zuwa 20.

Lissafin yana watsa mabuɗai ko'ina don kada nauyi ya taru wa kwamfuta ɗaya. Wannan watsawar ce kuma ke ɓata jeri: 21 da 22 na iya faɗawa hannun kwamfutocin da ba su kusa ko kaɗan. Mai neman zango sai ya tambayi lambobi ɗaya bayan ɗaya, ko ya aika tambayar ga kowa, kuma duka biyun asara ce.

Hanyoyin da aka gwada

Wasu sun bar DHT yadda yake, suka ɗora wani tsari a samansa. Fitacce shi ne PHT (Prefix Hash Tree) na Ramabhadran, Ratnasamy, Hellerstein da Shenker, wajen 2004. Bishiya ce da ake rassa ta bisa bit na farkon mabuɗi. Ana lissafa hash na alamar kowane reshe don sanin mazauninsa. Bayanai na zama a ganyaye, ganye ya cika sai ya rabu biyu, kuma kowanne na da mahaɗi zuwa maƙwabcinsa. Da an samo farkon zango, sai a bi ganyayen har ƙarshe. Kyawunsa shi ne yana aiki a kan kowane DHT ba tare da an taɓa cikinsa ba.

Wasu kuwa sun ajiye mabuɗai bisa jerinsu. Daga cikinsu akwai tsarin skip graph na Aspnes da Shah da SkipNet na Microsoft, duka a 2003, da Mercury na jami'ar Carnegie Mellon a 2004. A nan bincike na da sauƙi, amma idan bayanai suka taru a yanki ɗaya, kwamfutocin wurin kan sha nauyi, dole a riƙa sake rabo. Ana saɓani kan ko waɗannan sun cancanci sunan DHT.

Wani tsarin kuma mai suna Squid ya yi amfani da lanƙwasar Hilbert, hanyar jera bayanai masu siffofi da yawa a kan layi ɗaya, don binciken zangon da ya haɗa siffa fiye da ɗaya.

Amfani a yau

DHT na BitTorrent, tsarin musayar fayiloli, mabuɗi ɗaya-ɗaya yake nema. Apache Cassandra, manhajar rumbun bayanai, na da zaɓin rabo bisa jeri, amma ba a ba da shawarar amfani da shi saboda taruwar nauyi.