Ku Bar wa Kogi Gaɓarsa

Tun shigowar bazara nake zagaya gonakin bakin kogin Haɗeja, daga Ringim har Auyo, kuma abu ɗaya nake ta gani: kunyoyi sun kai leɓen gaɓa, giyayyar da kakanni suka bari ta zama gawayi. Shekaranjiya na iske wani dattijo yana tone kututturen bagaruwa don ya ƙara kunya huɗu ta masara. Na ce, "Baba, ba nan ruwa ya ɓalle bara ba?" Ya ce, "Malam, ai ruwa na Allah ne."

Na Allah ne, babu ja. Amma gatarin naka ne, Baba.

Na sani, da an yi ambaliya sai a ce an saki ruwan madatsar Tiga, an saki na Challawa, ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwa. Duk akwai gaskiya a ciki, mun kuma ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa Jigawa. Sai dai masana ruwa kan zana kwarin kogi a kwamfuta, da tuddansa da fadamunsa, su zuba masa ruwan sama iri ɗaya sau biyu: sau ɗaya ƙasa tsirara, sau ɗaya da itatuwa da ciyawa. A tsirarar ƙasa ruwan yakan taru ya afka wa kogi lokaci guda, ɗauke da yashin da zai cike cikinsa. Inda akwai saiwa, ƙasa takan sha wani, sauran ya iso a hankali. Ba zan yi muku ƙarya ba, itace ba zai tare ambaliya irin ta 2022 ba. Wadda ke cin gonarka kusan kowace damina kuwa, yana rage mata ƙarfi.

Haba jama'a! Kunya huɗu fa. Buhu nawa za ta ba ka? Ka sare abin da ke riƙe da gaɓa, Agusta ta zo ta tafi da kunyoyin da rabin gonar, har da ta maƙwabcinka da bai taɓa gatari ba. Na san iyali sun yi yawa, gona ta yi kaɗan. Nima ɗan manomi ne. Amma ku daina saran nan, don Allah.

Kafin ruwa ya sauka:
- A ja da garma baya daga gaɓa.
- A dasa ciyawar jema a jere, saiwarsa tana kama ƙasa sosai. Gamba ma ta yi.
- Kututturen da ya yi toho a ƙyale shi.
- Kwazazzabo a tare shi da duwatsu tun yana ƙarami.

Mai son ganin yadda ake dashen jema ya same ni ranar kasuwa, ya zo da fartanyarsa.