Abin da Saniya Ta Ci Yana Fitowa a Kitsenta

Makiyaya da masu turka shanu, akwai abin da ba kasafai ake kawowa ba idan ana maganar ƙiba, wato irin kitsen da dabbar ta tara. Kitse ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai daskarewa, wanda yawan cinsa ke ɗaga kwalastirol a jini. Akwai kuma marar daskarewa, cikinsa har da omega-3 da omega-6, waɗanda jikin ɗan Adam sai ta abinci yake samun tushensu.

Ɗanyar ciyawa mai kore shar, kusan rabin ɗan man da ke ganyenta omega-3 ne, wani lokaci ma fiye. Hatsi kuwa, musamman masara, omega-6 ya fi rinjaye a cikinsa. Sai dai saniya ba kamar kaza ba ce, da man abincinta ke wucewa jikinta kusan yadda yake. Abincin saniya tumbi yake fara sauka, inda ƙananan halittu irin su bakteriya ke juya mafi yawan man ya koma mai daskarewa. Ɗan abin da ya kuɓuce musu shi ke isa nama. Duk da haka bambancin a fili yake. A naman saniyar da ta tashi kan ciyawa, omega-6 kan ninka omega-3 kamar sau 2 ne, amma a wadda aka turke kan hatsi yakan kai sau 7 ko fiye. Naman ta ciyawar ya kuma fi sinadarin CLA (wani nau'in mai marar daskarewa) da bitamin E, kitsensa ma bai kai na ɗayar yawa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne watannin ƙarshe. Saniya ta yi shekaru tana kiwo, da an ɗaure ta aka tsare ta da hatsi zalla, omega-3 ɗin da ta tara sai ya riƙa raguwa mako bayan mako. Don haka kada a yanke mata ɗanyar ciyawa kwata-kwata lokacin turka. In busasshiya za a ba ta, a sani cewa wadda ta daɗe shanye a rana har ta koɗe ta riga ta rasa yawancin wannan mai. Ciyawar da aka yanka da ƙuruciyarta aka adana da sauran korenta ta fi.

Masu saye kuma, kitse mai ɗan ruwan ɗorawa ba lallai cuta ba ne. Sau da yawa karotin ne na ciyawa ya rina shi. Idan rawayar ta kama har jijiyoyi da farin ido, wannan kam ciwon shawara ne, a kira mai duba nama.

Kada kuma a ɗauka naman saniyar ciyawa zai tsaya a madadin kifi mai maiƙo kamar sadin. Omega-3 ɗinsa ko kusa bai kai ba, kuma kitsensa mai daskarewa yana nan, a ci shi daidai wa daida.