Me ake nufi da waƙa ta zama "mallakar kowa"? Darasi daga waƙar Happy Birthday

Idan aka ce waƙa ko littafi ya zama mallakar kowa, ana nufin haƙƙin mallakar da ke kansa ya ƙare, ko kuma an gano babu mai shi. Daga nan kowa na iya rerawa, ya buga, ya saka a fim, har ya ci riba, ba sai ya nemi izini ko ya biya ko sisi ba. Doka ce ke yanke wa'adin. A Tarayyar Turai, da Najeriya ma, haƙƙin waƙa yana hannun mai ita tsawon rayuwarsa, sannan ya koma ga magada har shekara 70 bayan rasuwarsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa duk abin da ya shiga bakin jama'a ya fita daga hannun mai shi. Shahara daban, doka daban. Waƙar nan da ake rerawa a gaban kek ranar zagayowar haihuwa ta ishe mu misali.

Asalinta ba na biki ba ne ma. Wasu 'yan'uwa mata biyu a birnin Louisville na jihar Kentucky a Amurka, Mildred Hill mai kaɗa piyano da ƙanwarta Patty Hill, shugabar wata makarantar ƙananan yara, su suka tsara ta a matsayin gaisuwar safe ga ɗalibai. An buga ta a 1893 da sunan "Good Morning to All". Karin waƙar mai sauƙi ne, yaro ɗan shekara huɗu ya ji sau biyu ya haddace, shi ya sa ba a daɗe ba aka ɗora masa kalmomin taya murnar haihuwa. Zuwa 1912 an ga karin da sabbin kalmomin tare a cikin littafi.

A 1935 kamfanin buga waƙoƙi na Summy ya yi wa waƙar rajista. Takardun suka yi ta sauya hannu har kamfanin waƙoƙi na Warner/Chappell ya sayi kamfanin da ke riƙe da su a 1988 kan dala miliyan 25. A tsarin Amurka, aikin wancan zamanin yana samun kariyar shekara 95 daga bugawa, don haka Warner ya ce waƙar tasa ce har 2030. A lokacin, ba a bin mutum gida don ya rera wa ɗansa. Amma fim, talabijin, ko duk wani amfani na kasuwanci, sai an biya, kuma an ƙiyasta kuɗin da ke shiga ya kai kimanin dala miliyan 2 a shekara. Wannan ne ya sa masu shirya finafinai suka riƙa kauce mata, manyan gidajen abinci a Amurka kuma suka ƙirƙiri nasu waƙoƙin masu tafi da ihu don yi wa abokan ciniki.

Abin mamaki, shekaru da dama kowa biya yake yi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kuɗin lasisi bai kai kuɗin lauya ba. Sai a 2013 wata mai shirya fim, Jennifer Nelson, da aka caje ta dala 1,500, ta kai ƙara. A Satumban 2015 alƙali George King ya yanke cewa rajistar 1935 ta shafi wani tsarin kiɗan piyano ne kawai, ba kalmomin ba, kuma babu hujjar cewa 'yan gidan Hill sun miƙa wa Summy haƙƙin kalmomin.

A lura, wannan hukuncin bai ce waƙar ta zama ta kowa ba. Cewa ya yi wanda ke karɓar kuɗin ba shi ne mai ita ba, kamar gonar da aka kori mai noma ta amma ba a tantance magajinta ba. Sai a 2016 aka yi sulhu, Warner ya amince ya mayar da dala miliyan 14, kotu kuma ta tabbatar waƙar mallakar kowa ce. A Turai lissafin ya bi mutuwa: Patty ta rasu a 1946, don haka wa'adin ya cika da shigowar 2017.

Saura wani tarko. 'Yancin ya tsaya ne kan kari da kalmomi. Idan wani mawaƙi ya shiga sutudiyo yau ya naɗi tasa muryar, wannan naɗin nasa ne, ba ka da ikon ɗauka ka saka a bidiyonka. Haka kuma waƙar Stevie Wonder ta 1980 mai irin wannan suna, wadda ya yi don neman a ware ranar hutu ta tunawa da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, waƙa ce daban, kuma har yanzu tana ƙarƙashin haƙƙin mallaka.