Raƙumi ba ya ajiye ruwa a tumbinsa

A kasuwar Mai'adua da ke kusa da Daura, mutane da yawa suna ganin cikin raƙumi irin na saniya ne tunda dukansu suna tuƙa, sai dai shi yana da wata jaka ta ajiye ruwa. Duka biyun kuskure ne.

Cikin saniya, akuya da tunkiya ɗaki huɗu ne, na raƙumi kuwa uku, domin ba shi da ɗakin nan mai ganye-ganye kamar shafukan littafi wanda mahauta suka sani sarai. Abin da ya ruɗi mutane shi ne ƙananan aljihunan da ke jikin bangon tumbinsa. Idan an farke shi ana samun ruwa-ruwa a wurin, amma wannan ruwan narkar da abinci ne, gauraye da ciyawa.

Ruwan da ya sha yana shiga jini da tsokar jiki. Ƙodarsa tana rage fitsari, kashinsa yana fita a bushe, zafin jikinsa kuma yana hawa da rana ba tare da ya yi gumi sosai ba. Tozonsa ma kitse ne. Don haka mai raƙumi kada ya yi sakaci da shayar da shi a bazara.