Waiwaye: yadda manyan gidajen masu gonaki a Ayilan suka zama kango

Duk wanda ya ga hotunan gidajen nan na ƙauyukan Ayilan, tagogi jere reras ga ciyawa shimfiɗe, zai ɗauka gadon kaka da kakanni ne. Galibi fa ƙwace ne. Tun 1609 Ingila ta fara kwaso mutanenta da 'yan Scotland tana zubawa a Ulster, lardin arewacin Ayilan, sai Cromwell, jagoran sojojin Ingila, ya zo a 1649 ya ƙarasa aikin, aka yanka ƙasa aka raba wa sojojinsa da waɗanda suka ba da bashin yaƙi. A 1641 Katolika, galibi 'yan asalin Ayilan, na riƙe da kusan kashi 59 cikin 100 na ƙasar, zuwa 1703 saura 14.

Maigida Furotesta, ɗarikar Kirista ta baƙin da aka zuba, yana babban gida, wasu ma suna can Landan ko gonar ba su san hanyarta ba, wakili ne ke bin kuɗin haya, ɗan haya ya noma hatsi ya biya, shi da iyalinsa sai dankali safe da dare. Da cuta ta kama dankali a 1845 kusan mutum miliyan 1 yunwa ta kashe, wani miliyan ya tsere. A garin Strokestown, wani mai gonaki, Manjo Denis Mahon, ya ga ya fi masa arha ya biya wa 'yan hayarsa kusan 1,500 kuɗin jirgi zuwa Kanada da ya ciyar da su, da yawa suka mutu a hanya, a Nuwamban 1847 aka harbe shi. Yanzu a harabar gidan nasa ne gidan tarihin yunwar yake.

Mutane sun fi tuna ƙone-ƙonen 1920 zuwa 1923, lokacin yaƙin neman 'yancin kai da yaƙin basasa, gidaje wajen 275 suka ci wuta. Ni dai a ganina dokar sayen gonaki ta Wyndham ta 1903 ce ta yi musu illar gaske. Gwamnati ta ba manoma rance su sayi gonakin, su biya a shekara 68 da rabi, masu gona kuma aka ɗora musu ƙarin kashi 12 cikin 100 a kan farashin don su yarda su sayar. Suka karɓa da murna. To amma katafaren gida babu haya mai shigowa, ga 'yan aiki, ga rufi na yoyo, ga haraji, da me za a riƙe shi? Wasu suka koma otal, wasu makarantun coci, wasu kuwa masu su da kansu suka cire rufin don kada a caje su harajin gida.